Naman Zuciyar da Aka Ce Ana Shukawa

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma san inda ya ajiye maganinta.

Sunana Hajara. A Agege aka haife ni, a nan na gama sakandare, daga nan aka kai ni ɗakin miji a Abule Egba. Labarin da zan bayar na jinyar mahaifina ne, Malam Iliya mahauci, wanda ciwon zuciya ya kama shekara biyu bayan sojoji sun miƙa mulki. Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu, saboda duk inda na taɓa a cikinsa sai in tarar da hannun wani nawa, har da nawa hannun. Amma gara mai jinya na gaba ya ji daga bakina da ya koya a jikin mara lafiyarsa.

Baba ya fi shekara talatin yana fawa a Legas. Ƙaƙƙarfan mutum ne, irin wanda zai saɓa cinyar sa a kafaɗa ya tafi yana hira. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yansa, ni da Yaya Habu, wanda a lokacin yake okada tsakanin Agege da Iyana Ipaja.

Ranar da ciwon ya fara, babu wanda ya sani a gida. Ana tsakiyar fiɗa da safe ya ji kamar an ɗora masa turmi a ƙirji, zufa ta keto masa, hannun hagu ya yi nauyi. Ya zauna a kan wani bokiti da aka kife. Abokan aikinsa suka jiƙa masa kanwa suka ce iska ce ta taru a ciki. Ya sha, ya yi gyatsa, ya ce ya ji dama-dama, ya tashi ya ƙarasa aikinsa. Sai bayan wata uku muka ji wannan labarin, a gaban likita.

Sati uku da yin haka, haki ya fara. Idan ya hau gadar tsallake titi sai ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙarfe, kamar mai kallon motoci. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmin robar da yake shiga mayanka da shi ya ƙi shiga. Idan ka danna ƙaurinsa da yatsa, ramin sai ya zauna. Ya daina kwanciya a miƙe, sai dai ya jingina da bango. Duk wannan Inna, mahaifiyarmu, ba ta aiko mini ba, sai ranar da ta ga yana sallar azahar a zaune, don idan ya kai goshi ƙasa numfashi ɗaukewa yake.

Daga nan masu ba da shawara suka buɗe. Mai kemis ɗin bakin layinmu ya ce asma ce, ya ba shi abin shaƙa. Iya Basira, Bayarabiyar da ɗakinta yake kallon namu, ta dafo masa agbo, maganin saiwoyi na Yarabawa, baƙi ƙirin a jarka. Mahauta suka ce hannu ne, wai wani da suka yi rikicin teburi da shi ya yi masa jifa, aka kawo rubutu da hayaƙi. Hayaƙin nan a ɗaki mai taga ɗaya ya kusa ƙarasa shi. Kowa da alheri ya zo, ban musa ba. Amma wata guda cur muka ɓata muna gwada alherin mutane a jikin tsoho, kafin mijina ya matsa aka kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwa. Likitan wurin ya saurari ƙirjinsa, ya danna ƙafar, ya rubuta takarda zuwa babban asibiti.

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti ba, ba zai gane ba ko na faɗa. Ranar Talata kaɗai ake ganin masu ciwon zuciya. Da an idar da sallar asuba muke fita, danfo biyu muke hawa, mu isa mu tarar bencina sun cika. Layin kati daban, layin biya daban, layin awon jini daban, kuma kowanne a wani gini yake, ga mutum da ba ya iya taku ashirin bai tsaya ba. Talatar farko aka ce ba a ga fayil ɗinmu ba. Talata ta biyu aka rubuta mana hoton zuciya, aka ba mu rana sai bayan sati uku. Mahauta suka yi karo-karo suka haɗa kuɗin hoton, Allah ya saka musu. Ranar ta zo, muka je, aka ɗauke wuta, aka ce janareto babu mai. Baba ya zauna tun safe har la'asar babu ci babu sha, muka dawo yadda muka je.

A cikin wannan wahalar akwai mutum biyu da ba zan manta ba. Ɗaya wani Buzu ne mai gadin ƙofa, mutumin Nijar, wanda da ya hango mu sai ya ɗauko kujerarsa ya ba Baba, shi ya tsaya a tsaye. Ɗayar kuma wata nas ce 'yar Jos, Sista Rifkatu, wadda ta ji muna Hausa ta karɓi katinmu ta shiga da kanta ta tono fayil ɗin da aka ce ya ɓace.

Da aka samu aka yi hoton, aka shigar da mu wurin wani matashin likita, Dokta Femi. Ba ya jin Hausa, Baba kuma duk zamansa a Legas Yarbancinsa bai wuce na ciniki ba. Ni ce tafinta. Dokta ya juya bayan wata takarda ya zana zuciya, ya raba ta ɗaki huɗu daidai wa daida. Baba ya leƙa, ya miƙa hannu ya karɓi biron, ya ƙara wa bangon ɗakin ƙasa na hagu kauri.

“Uwata, gaya masa ba haka take ba,” in ji shi. “Na ƙasan nan ya fi kauri. Na saman sirara ne kamar kunne. Ko a bakin wuƙa ba iri ɗaya suke ba.”

Da na fassara, Dokta ya yi dariya ya tambayi sana'arsa. Da ya ji mahauci ne, sai ya gyara zama, ya fara bayani kamar ya sami abokin aiki. Ya ce ai wannan bangon mai kauri shi ne ya sami matsala. Ya yi ta tambaya har Baba ya faɗi labarin ranar da aka jiƙa masa kanwa. Dokta ya ce a ranar wata jijiya ta toshe, naman da take ciyarwa ya mutu ya zama tabo, kuma naman zuciya ba ya sake tsirowa yadda fata take yi. Sauran naman da ya rage shi yake ta fama, ya kasa tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa a ƙafa da huhu. Ya rubuta magunguna, ɗaya na fitar da ruwa, sauran na rage wa zuciyar kaya. Ya hana gishiri, ya hana kanwa, ya hana ɗaukar nauyi.

Baba ya ƙara kallon zanen, sannan ya tambaya ko ba a yi mata faci.

A nan ne ya kamata Dokta ya ce a'a ya rufe baki. Amma a satin ya karanta wani abu a mujallar likitoci, ga shi kuma ya sami mara lafiya mai ganewa. Sai ya ce a ƙasashen waje masu bincike sun samo wasu ƙwayoyin halitta, ya kira su sitem sel, waɗanda ake samu tun farkon halittar ɗan Adam, kafin su rabu wannan ya zama ƙashi, wancan ya zama fata ko jini. Ya ce sun rene su a farantin gilashi, wasu daga ciki suka rikiɗe suka zama naman zuciya, har suka fara bugawa da kansu ba tare da jiki ba. Yana faɗa idonsa yana ƙyalli. Sannan ya kawo sharaɗin. Ya ce a gauraye suke fitowa: akwai irin na ɗakin sama, akwai irin na ɗakin ƙasa, akwai kuma wasu 'yan kaɗan da aikinsu ba da bugu, kamar makaɗi. Abin da irin zuciyar Baba take bukata na ɗakin ƙasa ne zalla. Idan masu ba da bugun suka shiga ciki, zuciya ta sami makaɗa biyu, kowa da nasa kiɗan, wannan kuwa mutuwa ce. Ya ce har yanzu ba a san yadda za a sa su fito iri ɗaya ba, ba a taɓa sa wa wani mutum irin waɗannan ba, kuma wataƙila sai a zamanin 'ya'yanmu.

Na nemi kalmar Hausa na rasa. Me zan kira abin da ni ma ban taɓa ji ba? Sai na ce sun samo iri, suna shuka naman zuciya a faranti. Sauran bayanin duk na faɗa, Allah ne shaidata, ban rage ko ɗaya ba. Baba ma ya fi ni ganewa. Ya gyaɗa kai ya ce, “Ashe ɗanye ne. A bar su su gama.”

Da muka koma gida, labarin ya zama abin hirarsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi, a matsayin ikon Allah: nama a faranti yana bugawa babu rai a jikinsa. Da farko yana haɗawa da maganar makaɗa biyu. Amma wanda ya ji ya kai wa wani, wancan ya kai gaba, kowa yana yar da wutsiyar. Kafin sati biyu abin da ake faɗa a mayanka shi ne Turawa suna shuka sabuwar zuciya, likita da bakinsa ya gaya wa Malam Iliya.

Maganin asibiti kuwa ya yi aiki. A sati na biyu kumburin ya fara saɓewa, a na huɗu takalmi ya shiga, a na shida ya yi sujada. Na ɗauka mun haye. Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda ya tsani rayuwar da maganin ya ba shi. Ƙwayar ruwan nan tana sa shi fitsari a kai a kai, alwalar azahar ba ta kai shi la'asar, ga banɗaki ɗaya a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu. Miya babu gishiri, yana cewa kamar an dafa tsumma. Mutumin da bai taɓa wuni a gida ba ya koma zaman ƙofa, abokan fawarsa suna wucewa da jini a riga suna ɗaga masa hannu. Ya zama mai saurin fushi. Ni kuma duk zuwana faɗa ne a kan gishirin da na san Inna tana ɗan barbaɗa masa a ɓoye.

Yaya Habu bai taɓa bin mu asibiti ba. Ba rashin so ba ne, ranar da bai hau babur ba gidansa ba a ɗora tukunya. Labarin shuka a bakin mutane ya ji shi, sannan wata rana da yamma ya ji an taɓo irinsa a rediyo, a taƙaice. Washegari ya zo har Abule Egba, ko hular kwano bai cire ba, ya ce ashe magani yana nan muke ta ɗura wa tsoho ƙwayar fitsari. Na zaunar da shi na yi masa bayanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa da makaɗa. Ya ce wannan zancen likitoci ne, kullum idan abu mai kyau ya fito sai su ce wa talaka bai iso ba, amma da wani babba ne da tuni an yi masa. Na ce ko shugaban ƙasa ne babu inda zai samu. Ya ce ni da bokona na fi yarda da a'a. Na ce shi kuma da bai taɓa zama a bencin asibiti ba ya fi kowa sani. Ban kyauta ba da na faɗi haka. Ya tada babur ya tafi.

A satin ne 'yata ta kamu da ƙyanda. Kwana goma sha biyu ban taka Agege ba, ina jinyarta, ina kuma gudun kada in kai wa Baba wani ciwon. Duk wanda na aika sai ya dawo ya ce Inna ta ce jiki da sauƙi.

Abin da ya faru a kwanakin nan, daga baya na tattara shi. Wani fasinja da Yaya ya ɗauka ya ba shi labarin wani mutum a Iyana Ipaja, a saman wani bene, bisa shagon mai sayar da taya. Farar riga gare shi, da takardu a firam jere a bango, da ɗan firji. Ya ce daga waje ya dawo, kuma ya zo da irin a ƙananan kwalabe. Har sitem sel ɗin ya ambata, kalmar da Yaya ya ji a rediyo, wannan ya gama da shi. Allura shida, ana tsallake kwana ɗaya. Amma da sharaɗi: a daina maganin asibiti, musamman ƙwayar ruwa, don za ta wanke irin ya fita ta fitsari, a kuma riƙa ba shi romo mai gishiri don irin ya sami abinci ya kama. Yaya ya sayar da babur ɗinsa ya biya. Ya ce wa Inna kada a gaya mini, zan ɓata.

Da hantsi na shiga gidan ranar da na samu fita. Tun daga tsakar gida nake jin numfashinsa, kamar ruwa yana tafasa a tukunya. Yana zaune a bakin gado ya kifa ƙirji a bayan kujera, leɓɓansa sun yi baƙi. Kumburin ya wuce ƙafa ya kai cinya, ciki ya taso. Inna tana masa fifita tana cewa mai allurar ya ce haka yake yi idan irin ya fara kamawa. Na ce wane mai allura. Ta ci gaba da fifita. Na buɗe kwallar da take ajiye magungunansa, na gan su yadda na bar su, ko ɗaya ba a ɓalle ba.

Ban yi wa Inna magana ba, don ita abin da ɗanta da mijinta suka ce shi take bi. Baba na durƙusa a gabansa. Na ce, Baba, kai da ka ce ɗanye ne, kai da ka gyara wa likita zane. Sai da ya ja numfashi sau uku kafin ya iya haɗa magana.

“Na sani, Uwata. Yaro ya sayar da babur ɗinsa. In ce masa me?”

Iya Basira ce ta fita titi da zani ɗaya ta tare mana tasi. Muka faɗa gosulo, awa biyu muna tafiya kamar ba ma tafiya, kan Baba a waje ta taga yana neman iska. Da muka isa aka ce babu gado. A kan kujera aka sa masa allurar farko. Allah ya sa Sista Rifkatu tana aiki a ranar, ita ta yi ta shiga tana fita har ta turo tukunyar iskar numfashi daga wani ɗaki.

Da Dokta Femi ya zo ya ji an daina magani kwana goma sha biyu, a gaban jama'a ya hau ni da faɗa. Ya ce ya ɗauka ni mai ilimi ce, ya ce mu mutanen nan haka muke, a gyara mana mara lafiya mu je mu lalata mu dawo da shi. Na bar shi ya gama. Sannan na amsa masa da Yarbanci, don kowa a wurin ya ji. Na ce wa ya ba mai ciwon zuciya labarin naman zuciya a faranti? Wa ya tambaye shi abin da ake yi a ƙasar da ba mu da kuɗin zuwa? Na gaya masa inda labarinsa ya kai mu, bene da firji da babur. Ya kalle ni, ya juya kan Baba ya ci gaba da aikinsa. Bai tashi daga wurin ba sai da numfashin ya lafa.

Washegari ya same ni a baranda ya ba ni haƙuri. Ya ce murna ce ta ɗebe shi da ya sami wanda ya gane, ya manta cewa mai ciwo ba ya jin labari yadda mai lafiya yake ji. Na ce nima ni na ce shuka. Game da abin da aka ɗura wa Baba, ya ce ba zai iya sani ba, amma ko mene ne ba abin da aka ce ba ne, don wannan bai fita daga ɗakin bincike ba a ko'ina a duniya. Yaya ya ɗebi mahauta huɗu suka tafi Iyana Ipaja. Suka tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire allon. Mai taya ya ce mutumin ya kwashe kayansa tun shekaranjiya, kuma ba su ne na farko da suka zo nemansa ba.

Sati uku muka yi a kwance. Kowane magani sai an rubuto ka fita waje ka saya, wani ka zaga kemis uku ba ka samu ba. Famfon ɗakin ba ya kawo ruwa, a bokiti nake haurowa da shi hawa biyu. Wurin allurar mutumin benen ya yi ƙurji a ɗuwawu, sai da aka tsaga. Ruwan jikin ya fita a hankali, amma Dokta ya ce ƙoda ta taɓu, zuciyar kuma ta ƙara buɗewa ta saki, ba za ta koma inda take kafin kwanakin nan ba. Yaya ya koma kwandastan danfo. Kullum da yamma zai zo da kular abinci, ya ajiye, ya gaida Inna, ya tsaya a ƙafar gadon Baba kansa a ƙasa, ya fita. Ni da shi ko sannu. Idan ya shigo ta wannan ƙofa, ni in fita ta waccan.

Bayan an sallame mu Baba ya yi wata huɗu a gida. Bai ƙara yin sujada ba, bai ƙara fita ƙofar gida ba. Magani kam yana sha ba musu, har shi yake tuna wa Inna lokaci. Wata rana ina yanke masa farce ya ce in daina fushi da ɗan'uwana, wanda ya sayar da abin hawansa dominka bai cuce ka ba, shi aka cuta. Na ce na ji. A baki na ji, amma duk sanda na kalli ƙafafun nan sai abin ya dawo mini sabo. Ranar wata Alhamis da hantsi ya sha koko, Inna ta fita ɗauraye kofin, ta dawo ta tarar ya cika a jingine. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya jiƙan namu da naku.

Na koma asibiti na mayar da sauran magungunan don a ba wani. Na tambayi Dokta Femi, da ba a yi kwana goma sha biyun nan ba, da yana nan? Ya ce bai sani ba. Irin wannan zuciyar wani ta kai shi shekaru a kan magani, wani ba ta kai shi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma wannan “ban sani ba” har yau ita ta fi komai ci mini rai.

Don haka ga abin da zan ce wa mai jinya. Nauyin ƙirji da zufa ba na kanwa ba ne, a tafi asibiti a ranar, ko da layin zai kai titi. Duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti kafin nasa ya yi aiki, a tashi a bar masa wurin. Binciken da ake yi gaskiya ne, ina kuma roƙon Allah ya ba masu yinsa sa'a su iya raba naman sama da na ƙasa, ko jikokinmu sa amfana. Amma abin da yake faranti yana faranti. Idan kuma kai ne tafinta tsakanin likita da naka, ka auna kalmar da za ka ɗora wa abin da ba ka sani ba, don ita za ta fita ƙofa ta bar sauran bayanin a ɗaki.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, wata mata ta yi sallama. Ban san ta ba, daga tsallaken layin dogo take. Ta yi gaisuwa, ta zauna, ta ƙi tashi. Can ta matso ta ce mijinta lebura ne, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya, kuma an ce mata gidan Malam Iliya sun san inda ake shuka zuciya. Na ga ƙullin da ta yi a bakin mayafinta, ta riƙe shi gam. Na ce mata babu wannan wurin, ba a fara yi wa kowa ba, wanda ya ce yana yi ɓarawo ne. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai rowa.

“Baiwar Allah, don bai yi wa naku ba, ai kwana ne ya ƙare. Ki taimake ni ki faɗa mini wurin.”

Yaya Habu yana tsakar gida yana naɗe tabarmin zaman makoki, ashe yana ji. Ya ajiye tabarmar ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa.

“Ni na san wurin,” ya ce mata. “Ni na kai mahaifina, ni na riƙe shi aka yi masa allura shida. Ga tabarmin da muka samu. Ki mayar da kuɗinki.”

Hannun matar ya saki bakin mayafin. Ya tambaye ta kwatancen gidansu, ta faɗa. Ya ce ranar Talata da an idar da asuba su shirya, zai zo ya ɗauki mijin a kai shi babban asibiti, ƙanwarsa ta san layin, ita za ta yi musu magana da likita. Sannan ya ɗago ya kalle ni, karo na farko cikin wata biyar.

“Za ki je?”

Na ce Allah ya kai mu.